Magungunan kansa ’yan gidan alkil: bambancin da ke tsakaninsu, da dalilin da ya sa likita ke tambayar tarihin tsargiya

A garuruwan da ke shan ruwan madatsar Tiga, wato Kura da Bunkure da Garun Malam da ƙauyukan da ke kewaye da su, ganin jini a fitsarin yaro ba kasafai yake tayar da hankalin iyaye ba. Tun da aka kammala madatsar a 1974, aka kuma ja magudanan ruwa zuwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir, ruwa ya daina ƙafewa da rani, dodon-koɗin da ke rainon ƙwayar tsargiya kuwa ya sami wurin zama na dindindin. Yara suna wanka a kanal, manya suna wuni cikin ruwa wajen dashe. Har yau akwai masu ɗaukar wannan jinin a matsayin alamar cewa yaro ya kama hanyar balaga.

Bayan shekara talatin ko arba’in, idan ƙaddara ta kai wannan yaron ko ’yar’uwarsa gaban likitan kansa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Shika, tarihin wancan fitsarin yana iya shafar maganin da za a zaɓa masa da kuma yawansa. Dalili shi ne, rukunin magungunan kansa mafi daɗewa, waɗanda ake kira ’yan gidan alkil, da yawansu ta ƙoda da mafitsara suke fita daga jiki, kuma nan ne tsargiya take barin tabonta. ’Yan kasuwa da ma’aikatan birni da suke ɗaukar nauyin jinyar danginsu na karkara su ne galibi suke riƙe takardar magani su nufi kantin sayarwa, don haka ya dace su san abin da suke saye.

Daga fagen yaƙi zuwa ɗakin jinya

Asalin gidan nan makamin guba ne. A watan Yulin 1917 sojojin Jamus suka harba iskar mastad a kusa da garin Ypres na Beljiyam. Likitocin da suka duba waɗanda ta kashe sun tarar ɓargonsu ya bushe, fararen ƙwayoyin jininsu sun kusa ƙarewa. A 1942, a Jami’ar Yale ta Amurka, Louis Goodman da Alfred Gilman suka yi tunanin cewa abin da ke karya fararen ƙwayoyin jini na lafiya zai iya karya waɗanda suka zama kansa. Aka yi wa wani mai kansar kaluluwa allurar ɗan’uwan wannan guba, kumburin ya sace na ɗan lokaci, sannan ya dawo. Sirrin yaƙi ya hana a buga sakamakon sai 1946. Da yawa daga cikin magungunan da za a ambata a nan, in ban da ’yan gidan filatinam, ƙoƙari ne na horar da waccan gubar: a rage mata zafin rai, a sa ta yi haƙuri har ta isa inda ake so.

Yadda suke aiki iri ɗaya ne a tushe. Kundin gadon da ke cikin kowace ƙwayar halitta, wato DNA, zare biyu ne da aka tufke kamar igiya. Kafin ƙwayar ta rabu biyu dole ta warware tufkar ta kwafi kowane zare. Maganin alkil yana manne wa wani harafi na kundin mai suna guwanin, kuma da yake yawancinsu hannu biyu gare su, sai ya kama zaren nan ya kama wancan ya ƙulle su. Tufka ta ƙi warwaruwa, kwafi ya tsaya, ƙwayar ta mutu. Maganin bai san ƙwayar kansa ba, bai san ta lafiya ba. Duk mai saurin hayayyafa yake kamawa. Shi ya sa ɓargo da gashi da fatar hanji da ƙwayoyin haihuwa suke shan wahala tare da cutar.

Inda suka rabu shi ne hanyar da kowanne yake bi a jiki: ta ina yake shiga, wa yake tayar da shi, ina yake iya kaiwa, kuma wane ɓurɓushi yake bari a bayansa.

Saikilofosfamaid da tagwainsa

Saikilofosfamaid, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Endoxan, shi ne dokin aikin gidan. Norbert Brock da abokan aikinsa ne suka samar da shi a Jamus a ƙarshen shekarun 1950. Yana cikin haɗin da ake ba masu kansar mama, inda aka saba ba da miligiram 600 ga kowane murabba’in mita na faɗin jiki duk bayan kwana 21, yana kuma cikin haɗin kansar kaluluwa da ake kira CHOP, inda ake ba da 750. Ana yin sa ta jijiya, ana kuma shan sa, domin hanji yana karɓar fiye da kashi 75 cikin ɗari na ƙwayar da aka haɗiye.

Nijeriya tana da hannu a tarihinsa. Kansar da ke kumbura muƙamuƙin yara, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, tana bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A Asibitin Koyarwa na Ibadan, Victor Anomah Ngu, ɗan ƙasar Kamaru, yana cikin waɗanda suka nuna a shekarun 1960 cewa saikilofosfamaid yana narkar da wannan kumburi cikin kwanaki, wasu yaran ma su warke sarai. Wannan aiki ya sa ya shiga cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972. Har gobe maganin yana tsakiyar haɗin da ake ba irin waɗannan yara, kuma iyayen da ke zaune inda sauro ba ya hutun rani ya kamata su san cewa kumburin haɓar yaro da ke girma cikin makonni, haƙora suna girgiɗi, ba na jira ba ne.

Abin sha’awa game da shi shi ne, a cikin kwalba barci yake yi. Sai ya isa hanta wasu sinadaran narkarwa, musamman wanda ake kira CYP2B6, suke buɗe shi, daga nan ya tsage gida biyu. Ɓangare ɗaya shi ke ƙulle zaren gado. Ɗaya ɓangaren, akrolin, ba ya kashe kansa. Ƙoda ce take tace shi ta zuba a mafitsara, inda yake ƙona fatarta ta ciki har ta yi jini. Iyayen ƙwayoyin jini da ke cikin ɓargo suna da wani sinadari da ke kashe kaifin maganin kafin ya yi musu illa, don haka ɓargo yakan farfaɗo daga bugunsa da sauri fiye da yadda yake farfaɗowa daga na sauran ’yan gidan: fararen ƙwayoyi su yi ƙasa a mako na biyu, su dawo wajen mako na uku. Da yake hanta ce mabuɗinsa, duk abin da ya taɓa ta ya taɓa shi. Rifamfisin na masu tarin fuka yana hanzarta narkar da shi, kuma wani nau’in CYP2B6 mai jinkirin aiki ya fi yawa a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma a kan Turawa. Wannan ya isa dalilin da zai sa majinyaci ya zayyana wa likita duk abin da yake sha, har da jiƙo da sassaƙe.

Ifosfamaid tagwainsa ne: ƙwayoyin zarra iri ɗaya, adadi ɗaya, sai dai an matsar da hannu guda daga wuri zuwa wuri. Wannan ’yar matsawar ta canja halinsa. Hanta tana tayar da shi a hankali, don haka sai an ba da shi da yawa, da giram ake auna shi, kwanaki a jere. Yawan maganin yana nufin yawan akrolin, shi ya sa ba a ba da ifosfamaid sai tare da mesna, maganin da Brock ɗin nan ya samar, wanda yake tarar akrolin a cikin fitsari ya ɗaure shi. Haka kuma kaso mai tsoka na ifosfamaid yana bin wata hanya dabam a hanta ya zama wani sinadari da ke taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Majinyaci ya kama gyangyaɗi, ya rikice, ya riƙa ganin abin da babu, dangi su fara zancen iska ko sammu, alhali magani ne, kuma yawanci yakan wuce idan an dakatar da shi. Waɗanda ƙodarsu ta raunana ko furotin ɗin jininsu ya yi ƙasa sun fi faɗawa wannan hali. A yara kuwa yana iya lalata bututun ƙoda har gishirin gina ƙashi ya riƙa zuba a fitsari. Ana jure masa ne saboda yana cin kansar tsoka da ta ƙashi da ta maraina a inda ɗan’uwansa ya gaza.

Nan ne batun Kura da Bunkure ya shigo. Ƙwan tsargiya da suka maƙale a bangon mafitsara shekara da shekaru suna sa ta yi kauri ta ƙanƙance, suna kuma iya tsuke bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, fitsari ya riƙa taruwa, ƙoda ta kumbura ba tare da mai ita ya ji komai ba. Ƙa’idar ba da saikilofosfamaid da ifosfamaid ita ce a tabbatar hanyar fitsari a buɗe take kuma babu ciwon sanyi a mafitsara kafin a fara, domin akrolin da ya kwana a wuri ɗaya ya fi ɓarna. Gwajin fitsari, gwajin aikin ƙoda da hoton ciki kafin allurar farko ba almubazzaranci ba ne ga wanda ya tashi a bakin kanal. Idan an ga ƙwan tsargiya, firazikwantel, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, yana kashe tsutsar, ko da yake ba ya goge tsohon tabo. Babban haɗarin ma na ɗabi’a ne: mutumin da ya saba da jan fitsari tun yana yaro zai gan shi bayan allura ya ce tsohon ciwo ne ya motsa, ya yi shiru. Ya kamata a faɗa wa likita a ranar. Mai shan ƙwayar saikilofosfamaid da safe ake so ya sha, ya yawaita ruwa, ya riƙa zagayawa, kada ya kwanta da fitsari a mara. Wanda jinyarsa ta faɗo cikin azumi ko zafin bazara ya yi shawara da likitansa tun kafin lokacin.

Ƙwayoyi uku masu kama da juna

A farkon shekarun 1950 cibiyar binciken Chester Beatty da ke Landan ta fitar da magunguna uku da har yanzu ake amfani da su: kulorambusil, melfalan da busulfan. Sunayensu na kasuwa Leukeran, Alkeran da Myleran, kuma dukansu suna zuwa a ƙwaya mai miligiram 2. Kunne yana iya ruɗewa, hannun likita kuma kowa ya san yadda yake a takarda. Mai saye ya karanta kwalin harafi-harafi kafin ya bar kantin.

Kulorambusil shi ne mai sanyin hali. Hanji yana karɓarsa sosai, ba ya buƙatar hanta ta tayar da shi, ba ya yawan sa amai ko zubar gashi, don haka ya daɗe yana zama zaɓin tsofaffi masu kansar jini mai tafiyar hawainiya. Melfalan an gina shi ne a kan wani tubalin furotin, ƙwayoyin halitta su ɗauke shi a zaton abinci ne. Wannan dabara tana da farashi: a hanji yana gogayya da abincin gaske, har ya zamana mutum biyu su sha ƙwaya ɗaya, abin da ya shiga jininsu ya bambanta ƙwarai. Shi ya sa ake shan sa kafin a ci komai. Gidansa kansar ɓargo da ke cin ƙashi, wadda ita kanta takan lalata ƙoda, kuma raunin ƙoda yana ƙara masa dafi, sai a rage yawansa.

Busulfan ya sha bamban da saikilofosfamaid ta fuskar ɓargo: iyayen ƙwayoyin jinin yake bi kai tsaye, kuma idan ya kwantar da su sukan daɗe ba su tashi ba. Shekaru da dama shi ne maganin wani nau’in kansar jini mai kumbura saifa, har wasu sababbin magunguna suka karɓe masa wurin. Yanzu wannan mugun halin nasa ne ake nema, wajen share tsohon ɓargo kafin a dasa sabo, har ga masu sikila. A Asibitin Koyarwa na Jami’ar Benin aka fara irin wannan dashen ga mai sikila a Nijeriya, a 2011. Yana duhunta fata, yana iya taurara huhu bayan dogon amfani, kuma idan an ba da shi da yawa yana jawo jijjiga, sai an haɗa da maganin kariya. Bendamustin, da aka ƙirƙira a garin Jena na tsohuwar Jamus ta Gabas a 1963, ya yi shekaru ba a san da shi a Yamma ba, sai a 2008 Amurka ta amince da shi. Yanzu ya ture kulorambusil a wurare da dama, ga masu halin saye.

Masu tsallaka shingen ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa tana da shingen da ke hana yawancin magunguna shiga. Karmustin da lomustin suna narkewa a kitse, don haka suna wucewa. Abin kiyayewa game da su jinkiri ne: bugun da suke yi wa ɓargo ba ya bayyana sai bayan mako huɗu zuwa shida, shi ya sa lomustin sau ɗaya ake shan sa duk mako shida. Wanda ya ɗauke shi kamar maganin kullum ya sha guba. Dakarbazin da temozolomaid a jiki abu ɗaya suke komawa, amma na farko sai ta jijiya, sai hanta ta tayar da shi, yana sa amai mai tsanani, haske kuma yana lalata shi. Shi ne ɗaya daga cikin huɗun da ke warkar da kansar Hodgkin. Temozolomaid, da aka samar a Jami’ar Aston ta Birmingham, haɗiye shi ake yi, kusan duka ya shiga jini, ya buɗe da kansa ba tare da hanta ba. A gwajin da aka buga a 2005, haɗa shi da gashin na’ura ya ɗaga matsakaicin rayuwar masu mafi munin kansar ƙwaƙwalwa daga wata 12.1 zuwa 14.6. Ci gaba ne na gaske, amma iyalin da za su sayar da gona saboda shi sun cancanci a gaya musu adadin ƙarara.

Filatinam da kansar mafitsara

Sisfilatin da karbofilatin ba su ɗauke da alkil, amma da yake su ma ƙulle zaren gado suke yi, littattafai sukan zaunar da su a gidan kamar agola. Barnett Rosenberg ne ya gano tasirin sisfilatin a 1965 a Jami’ar Jihar Michigan, bisa katari, yana gwajin wutar lantarki a kan ƙwayoyin cuta. Shi ne ake haɗawa da gashi mako-mako ga masu kansar bakin mahaifa, shi ne ya mayar da kansar maraina abin warkewa. Ba ya takura ɓargo sosai, amma yana cin ƙoda, yana rage ji, yana kashe yatsu, amansa kuma ba a magana. Dole a yi ƙarin ruwa mai yawa kafinsa da bayansa. Karbofilatin ya fi sauƙi ga ƙoda da kunne, sai dai yana karya ƙwayoyin da ke tsayar da jini, kuma da ƙarfin tacewar ƙoda ake lissafa yawansa, bisa ƙa’idar da Hilary Calvert ya fitar a 1989.

Tsargiya kanta tana haifar da kansa. Tun 1911 wani likita mai suna Ferguson ya lura da alaƙar a Alƙahira, kuma a 1994 hukumar binciken kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsutsar tsargiyar mafitsara cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam. A Turai kusan tara cikin goma na kansar mafitsara daga fatarta ta asali suke tasowa, kuma suna jin sisfilatin. Wadda tsargiya ke jawowa galibi wani nau’i ne dabam, mai kama da ƙwayoyin fatar waje, tana kama mutane da sauran ƙarfinsu, kuma rahotannin asibitocin Kano da Zariya da Sakkwato sun daɗe suna nuna tana da kaso babba. Wannan nau’in ba ya jin magani sosai. Tiyatar cire mafitsara tun cutar ba ta bazu ba ita ce babbar dama. Ga shi kuma yawancin masu ita sukan iso asibiti ƙoda ta riga ta toshe, yanayin da ke hana a ba su sisfilatin ɗin ma. Babban mutum da jini ya dawo masa a fitsari bayan shekaru, ko ya ƙi tsayawa bayan firazikwantel, hasken mafitsara yake buƙata, ba ƙarin ƙwaya daga kemis ba.

Bashin da dukansu suke bi

Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a mako na biyu bayan allura lamari ne na gaggawa, ko da tsakar dare ne, domin jikin ba shi da dakarun da zai tare ƙwayar cuta. A ƙasar da kowane zazzaɓi ake kiransa maleriya, wannan kuskuren yana cin rai. Gidan alkil ne kuma ya fi kowane rukuni taɓa haihuwa: maniyyi ya ragu ko ya ƙare, al’adar mace ta ɗauke, musamman wadda ta haura arba’in, kuma suna nakasa ɗan tayi a watannin farko. Magana ce da ta kamata a yi da miji da mata tun kafin a fara. Wasu kaɗan daga waɗanda suka warke sukan kamu da sabuwar kansar jini bayan shekara biyar zuwa bakwai, melfalan ya fi saikilofosfamaid wannan laifi, shi kuwa saikilofosfamaid na dogon lokaci yana ƙara haɗarin kansar mafitsara. Sannan ga ciwon hanta nau’in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya samu a jikin kashi 8.1 cikin ɗari na manyan ’yan Nijeriya: yakan farka idan magani ya kwantar da garkuwar jiki, don haka ake gwada shi tun farko a ba mai shi kariya.

Zafin Kano ma yana da ta cewa. Ƙwayoyin Leukeran da Alkeran a firji ake ajiye su, tsakanin digiri 2 da 8, abin da ke da wuya a gidan da wuta ke zuwa jefi-jefi. Garin saikilofosfamaid na allura ba a so ya wuce digiri 25. Idan ya sha zafi a hanya yakan narke ya koma ruwa mai yauƙi, fari ko rawaya-rawaya, a gindin kwalba, kuma kamfanin da ke yin sa ya ce kada a yi amfani da irin wannan. Kwalbar da ta wuni a but ɗin mota daga Legas a watan Afrilu abar tuhuma ce komai kyan kwalinta. A 2019 Ma’aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da wani shiri na samar da magungunan kansa masu inganci a kan rangwame ta kantunan wasu asibitocin koyarwa, ciki har da na Kano da na Zariya. Mai riƙe da takardar magani ya fara tambaya a kantin asibitin kafin ya shiga kasuwa, ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ya kuma ɗaga kwalbar ya kalli garin da ke ciki.